Inda Muryar Verlene Ta Taɓa Ja

Tun kafin in ɗora allurar garmaho Odell ya gargaɗe ni cewa faifan nan ba zai jure juyi uku ba. Ya ɗaga shi saitin taga, ya nuna mini inda baƙin shafen da ke kansa ya fara tsagewa, farin ƙarfe yana leƙowa ta ƙasa. Ba irin na kanti ba ne. Guda ɗaya tak aka yanka, a wani ɗan ɗakin ɗaukar murya bayan shagon aski a nan Detroit, shekarar da na auri yayarsa Verlene. Waƙar coci ɗaya ce a kai, daga ita sai fiyano. Shekara tara ke nan da rasuwarta. Kaset-kaset ɗin da muke da su ruwa ya cinye su lokacin da ɗakin ƙarƙashin ƙasa ya cika, don haka muryarta ba ta ko'ina sai nan.

'Yarmu Corinne kuma kwana goma sha ɗaya tana kwance a asibiti, tun ranar da motarta ta zame a kan ƙanƙara. Ba ta buɗe ido ba. Wata nas ta ce in kawo mata muryar da ta sani, wani lokaci suna ji. Likitoci sun ce ranar Litinin za mu zauna mu yi magana a kan injin da ke taya ta numfashi. Na san irin maganar: a cire injin ko a bar shi. Ba a shiga ɗakin da take kwance da garmaho, dole waƙar ta koma kwamfuta, daga nan zuwa wayata.

Safiyar Asabar Odell ya haɗa wayoyi a teburin cin abinci, ya nuna mini wani ɗan tsani mai launi a fuskar kwamfutar.

"Wannan shi ke auna ƙarfin sauti. Kore lafiya, rawaya a kula. In ya taɓa ja, kwamfuta ta ƙoshi, duk abin da ya wuce nan sai ta aske shi."

"To mu bar shi a kore mana."

"Ji shi. Shekara ashirin da shida kana ɗaura wa motoci ƙofa, yau ka zama injiniya. A wurin da ta fi ɗaga murya ake saitawa, Yaya Lamont. Mu sa allura can wajen ƙarshe, mu saita, sannan mu dawo farko."

Na ƙi. Can wajen ƙarshen ne tsagar ta fi yawa, ban yarda allura ta bi ta wurin sau biyu ba. Na ce mu gwada da bakin faifan kawai, inda yake da lafiya. Odell ya dube ni ta saman tabarau.

"Ka manta wadda ka aura ke nan."

Amma ya bar ni. Muka saita da farkon waƙar, inda take farawa ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin jariri. Tsanin da ƙyar yake motsi, sai na murɗa maɓallin sama har koren ya cika. Muka koma farko, na danna ɗauka.

Minti biyu na farko na manta da kwamfuta. Verlene ce a cikin gidana, har jan numfashinta ina ji. Sai ta fara hawa. Rawaya, ja, jan ya tsaya bai sauka ba. Hannuna yana kan maɓallin amma na kasa murɗa shi, ina tsoron kada in girgiza tebur allura ta yi tsalle.

Da muka saurari abin da aka ɗauka, daidai inda take kiran sunan Ubangiji da dukan ƙirjinta, muryar ta koma kamar ana yaga kwano.

"Rage shi a kwamfutar," na ce.

"In na rage, yagar ce za ta yi ƙasa-ƙasa. Abin da aka aske ya tafi, ba ya cikin injin balle in dawo da shi." Bai ce ai ya faɗa mini ba. Kofinsa kawai ya ɗauka ya kurɓa, ko da yake shayin ya huce.

Juyi na biyu Odell ya saita da kansa, ya yi ƙasa da maɓallin sosai. Tsanin bai bar kore ba. Da allura ta isa wurin hawan, na ga wani siririn baƙin zare yana nannaɗewa a bayanta. Ta yi tsalle, ta dira wajen amin. Odell ya ɗaga faifan. Farin ƙarfe ne zalla a wurin, faɗin farce.

"Ba za a iya ɗinke biyun ba?" na tambaye shi.

"Za a iya. Sai dai wurin da babu a na biyun, shi ne wurin da ya yage a na farkon."

Ranar Lahadi bayan coci na tafi asibiti da duka biyun a waya. Na daɗe a kujera ina duban su. Na biyun ya fi tsabta, amma babu wurin da Corinne ta sani. Tana ƙarama, duk lokacin da uwarta ta kai nan a coci, sai ta toshe kunnuwa da hannu biyu tana dariya, tana cewa Mama za ta fasa taga. Na zaɓi yagaggen. Na ajiye wayar a kan matashi kusa da kunnenta.

Da muryar ta kai wurin, ɗan yatsanta na hagu ya motsa sau ɗaya. Na kira nas ɗin. Ta duba injinan, ta dafa kafaɗata ta ce hakan yakan faru da kansa, ba za ta ce e ba, ba za ta ce a'a ba. Na sake kunnawa har sau huɗu. Yatsan bai ƙara motsi ba.

Ban sani ba ko ta ji, in ma ta ji ban sani ba ko ta gane uwarta a cikin wannan yagar. Gobe Litinin, kuma har yanzu ban san abin da zan ce wa likitocin ba.