Tsarabar Ƙasar Ƙanƙara

Duk unguwarsu a Tambuwal an san Hinde da sakin hannu. Ba wata mai hali ba ce, gidan ƙasa ne da 'yan awaki, amma abu bai taɓa shigowa gidanta ya kwana bai leƙa maƙwabta ba. Ko busasshen kifi aka kawo mata daga Yauri, sai ta ɓare shi ta aika gida-gida. Wasu na cewa alheri ne, wasu na cewa son a yaba ne. Duka biyun suna nan, kuma ba su hana kifin daɗi ba.

'Yarta ta fari, Hamdiyya, malamar ilimin sinadarai ce a Sakkwato. Ƙarin karatu ya kai ta can ƙarshen arewacin duniya, inda sanyi ba ya barin bishiya ta tashi, ƙasa kuma a daskare take yawancin shekara. Abin da ta je nema wani ɗan tsiro ne mai kama da busasshiyar gansakuka, wanda ke manne wa duwatsu. Ta taɓa yi wa uwar bayani a waya. Ta ce tsiron yana haɗa wasu sinadarai a jikinsa, dangin wanda ke sa bagaruwa bauri a baki, su ne ke kare shi daga zafin hasken rana, su kuma kashe ƙwayoyin cuta. Hinde ta saurara da kyau. Sauran maganar duk ta bi iska, kashe ƙwayoyin cuta kawai ya zauna mata. Daga ranar, duk wanda ya tambaya sai ta ce yarinyar ta tafi koyon magani.

Da Hamdiyya ta dawo, kwana ɗaya ta yi a gida, da safe ta wuce Dogon Daji yin ta'aziyyar rashe-rashen da aka yi ba ta nan. Hinde kuwa ta yi abin da kowace uwa ke yi idan matafiyi ya sauka, ta jawo akwatuna ta buɗe don fitar da tsaraba. Ga sabulai, ga alewa, ga mayafai. A can ƙasa ta iske wani kwali cike da ƙananan ƙullin takarda, kowanne da rubutu a bayansa. Ta buɗe ɗaya. Abu ne toka-toka, mai ƙamshin ƙasa idan ruwan farko ya sauka.

Ranta ya yi fari. Ga maganin nan, har yarinyar ta ƙulla shi kashi-kashi don kada rabo ya yi wuya. Kunyar 'yar fari ba ta barin Hinde ta yabi Hamdiyya a gaban mutane, ko sunanta ba ta kamawa. To yau ga hanyar da unguwa za ta san abin da ta haifa ba tare da ta buɗe baki ba. Kafin azahar ƙullin nan sun shiga gidaje. Wanda ya fi kyau, mai ɗan ruwan ɗorawa, ta ba direban motar Kebbe ya miƙa wa yayarta Kulu a Fakku. Kulu ce ta yaye Hamdiyya ta riƙe ta har ta shiga makaranta, ga shi kuma gwiwa ta daɗe tana damunta.

Da la'asar Hamdiyya ta dawo ta ga kwalin wayam. Ba ta ɗaga murya ba. Zama ta yi a ƙasa kusa da shi, hannuwanta a cikin hijabi.

"Inna, ina abin da ke cikin kwalin ga?"

"Maganin? Na raba shi. Kowa ya gode, an sa maki albarka."

Hamdiyya ta ce, "Ba magani ne ba, Inna. Aikina ne. Kowane ƙulli daga wuri daban niɗ ɗebo shi, rubutun da ke baya shi ka faɗin wurin. Sakkwato za ni auna su in ga wane sinadari ke ciki. In babu su, karatun bai ƙare ba, kuma ba a maishe ni can. Wasu ma in anka sha su, suna taɓa hanta."

Shekaru yarinyar nan ta yi a cikin sanyi, ita kuma Hinde ta rabar da su tsakanin hantsi da azahar. Ta ɗauki mayafinta ta fita.

Wanda bai san garin ba zai ce ai abu ne mai sauƙi, a je a karɓo. Ba haka ba ne. Kyauta idan ta fita ta fita, wanda ya bi ta kuwa sai an yi shekaru ana ba da labarinsa a gidan biki. Hinde ta tsaya a ƙofar gidan Tambaya, maƙwabciyarta ta jikin katanga, ta yi sallama. Tambaya mutuniyar kirki ce, ta ciro ƙullin daga cikin kwalla ta miƙa mata, ta ma kawar da kai don kada su haɗa ido.

Yelwa kuwa sai da ta ja mata rai.

"Ikon Allah. Yau Hinde ta biyo kyauta. To alewar fa, yara sun shanye, ko in amso daga bakinsu?"

"Ƙullin kaɗai nika so, Yelwa. Kuskure niy yi."

"Ashe abin da anka kawo daga Turai ya fi ƙarfinmu."

Hinde ta haɗiye. Da ta ce abin na iya cutarwa, da gobe an ce ta raba wa unguwa guba. Ta gwammace a ce mata marowaciya. Haka ta bi gidajen ɗaya bayan ɗaya, kunya kamar ta nutse. Sa'ar da aka yi, mutane ba sa taɓa maganin nesa sai ciwo ya yi tsanani, don haka kowa ajiyewa ya yi. Kafin magariba ta juye su a gaban 'yarta.

Hamdiyya ta jera su tana duba rubutun, fuskarta na sakewa, sai kuma ta tsaya.

"Saura guda. Mai ruwan ɗorawa."

"Shi na aika ma Yaya Kulu."

Shi ne kuwa wanda Hamdiyya ta samo a kan wani tsauni da ba ta sake samun hawa ba, da shi za ta gwada sauran. An kira wayar gidan Kulu, ba ta shiga, dama Fakku sai an hau tudu ake samun layi. Hamdiyya ta ce ita za ta je. Hinde ta ce a'a, wanda ya ɓata shi zai gyara.

Da sassafe Hinde ta shiga motar Kebbe, daga can ta hau kabu-kabu. Tana tafe tana addu'a Allah Ya sa Kulu ta yi irin na mutanen Tambuwal. Amma mai ciwon gwiwa ba ya ajiye magani.

Ta same ta zaune a inuwar rumbu, ƙafa miƙe. Ko gaisuwa ba su gama ba Kulu ta ce, "Hinde, wane irin magani ɗiyata ta kawo? Na jiƙa shi da 'yar kanwa yadda muka yi ma kowane sassaƙe, sai ruwan ya juye ja wur kamar jini. Tsoro ya kama ni, ban sha ba."

Ta ɗage faifai daga kan kwano. Ruwa ne ja, tsiron ya narke a ƙasa ya yi laushi kamar dafaffen zogale. Takardar da ke ɗauke da rubutun kuwa tuni an hura wuta da ita.

Hinde ta gode wa Allah da bai kai cikin yayarta ba, sannan ta zauna ta yi kuka. Kulu ta rasa gane kan zancen, sai haƙuri take ba ta. Da Hinde ta share ido ta nemi roba mai murfi ta juye ruwan duka, ta ɗaure da leda. A kan cinyarta ta riƙe shi tun daga Fakku, duk ramin da babur ya faɗa sai ta ɗaga shi sama. Ba ta san ko yana da sauran amfani ba, ita dai ba za ta koma hannu wofi ba.

Hamdiyya na tsakar gida da ta shigo. Ta buɗe robar ta leƙa, ta ce kanwar ce ta jawo sinadarin waje, shi ya sa ya yi ja.

"Shina yi?" in ji Hinde. "Kina iya auna shi hakanan?"

"A'a, Inna. Wanga ya tafi. Zan yi da sauran, in rubuta cewa guda ya ɓaci."

Ta sa hannu biyu ta karɓi robar. A nan ne Hinde ta ga yatsun hannunta na dama sosai a cikin hasken rana. Kan biyu daga ciki sun yi fari sun motse, farcen ɗaya babu.

"Mi ya samu hannunki?"

Hamdiyya ta so mayar da shi cikin hijabi, amma robar ta hana.

"Sanyi ne. Wancan mai ruwan ɗorawa ba ya ɓamɓaruwa daga dutse da safar hannu, sai da nic cire ta. Ba su ciwo yanzu, ba ni dai jin su."

Hinde ta kalli jan ruwan, ta kalli yatsun. Ta karɓe robar ta ajiye a ƙasa, ta kama hannun ta rufe shi a cikin tafukanta tana murzawa a hankali.

"Inna, ba ni ji."

"Na sani," in ji Hinde, ta ci gaba da murzawa.