Ranar da Bayan-Yero Ya Tuɓe Takalmi

Bilya na gangarowa daga kan dutse a guje, ƙirjinsa na hura kamar zugazugin maƙera, sai ya hango abin da bai yi tsammani ba. Can a gindin tsamiya, bakin wata gonar gyaɗa, inda jan ƙyalle ya nuna tashar ƙarshe ta tseren, surukinsa ne zaune a kan buzu. Malam Sabitu na Tamawa, mahaifin matarsa Batula, da rawaninsa da sandarsa, ga ƙwaryar zobban roba a gabansa.

"Na shiga uku," in ji Bilya. Ya dubi jikinsa. Singileti ce jiƙe sharkaf, sai gajeren wando da ko gwiwa bai kai ba.

Shekara huɗu ke nan masu gudun daji na Dutsin-Ma suna shirya wannan tsere duk kaka, daga Dutsin-Ma zuwa Kurfi. Ba a taka kwalta ko sau ɗaya. Duwatsu ake bi, da burtalin shanu, da cikin rafi. A kowace tasha mutum zai karɓi zoben roba ya zura a hannu, wanda kuwa ya isa Kurfi babu zobba huɗu, gudun banza ya yi. Shekara uku a jere Yero makiyayi ke zuwa na ɗaya, Bilya mahauci na biye da shi, har kasuwar Kurfi ta sauya masa suna. Tsohuwa za ta tsaya gaban teburinsa ta ce, "Bayan-Yero, yanko mani na miya." Sunan nan ne ya hana shi barcin safe duk damina, yana sallame asuba sai hawan dutse. Yau kuwa, karo na farko, ya bar Yero a baya tun hawan da ke kusa da Kutawa.

Samarin da suka shirya tseren ba su san komai ba. Sun shiga Tamawa sun ce a ba su dattijo mai amana ya riƙe zobba, aka nuna musu Malam Sabitu. Su ina za su san cewa shekara goma sha biyu Bilya bai taɓa wucewa gaban mutumin nan da takalmi a ƙafa ba? Ko ruwa bai taɓa sha a gabansa ba. In ya hango shi a hanya, shan kwana yake yi.

Ba hanyar shan kwana yau. Zobe na huɗu na cikin ƙwaryar nan.

Saura taku ashirin ya ja birki. Ya kwance igiyar takalmi, ya tuɓe, ya riƙe su a bayansa, ya ƙaraso a sunkuye ya durƙusa, yana ta jan bakin wando ƙasa kamar zai ƙara tsawo.

"Barka da hutawa, Baba."

Malam Sabitu ya ɗago, ya ga ko wane ne, ya yi maza ya mai da ido kan kunyar gyaɗa. Shi ma kunyar ta kama shi, don Batula ce ɗiyarsa ta fari, ko sunan mijinta ba ya faɗa.

"Yauwa, barka kadai."

"An tashi lafiya, Baba?"

"Lafiya lau."

"Ya gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ya mutanen gida? Ya Inna da ƙafa?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Kusa da Malam Sabitu akwai amininsa, Alhaji Garba, yana ɓarar ɗanyar gyaɗa yana jefawa a baki. Shi kaɗai ke jin daɗin abin. Ya san ƙarami ba ya yanke gaisuwa sai babba ya sallame shi, ya kuma san Bilya ba zai taɓa miƙa hannu ya ce suruki ya ba shi wani abu ba, ko da Kurfi za ta tashi ta koma Maraɗi.

"Yaro, ba ka tambaye shi kaka ba," in ji Alhaji Garba. "Bana gyaɗa ta yi, ka tambaya mana."

"Ya kaka, Baba?" in ji Bilya, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

"Mun gode Allah."

Sai ga ƙarar tsakuwa daga kan dutse. Yero ne, siriri kamar karan dawa, yana sauka ɗaiɗai ba gaggawa. Yana ganin abokinsa a durƙushe da takalmi a hannu, dariya ta kusa kayar da shi. Ya ɗan rusuna, ya yi gaisuwa biyu, ya karɓi zobensa.

"Sarkin Fawa," ya ce wa Bilya, "a gaida Baba da kyau, kar a rage ko ɗaya. Akwai awaki, akwai jaki, duk a tambaya. Zan aje maka ruwa a Kurfi."

Ya wuce abinsa. Bilya na kallon bayansa da ya haddace tun shekara uku, yana ƙanƙancewa cikin karan gero.

Malam Sabitu ya yi gyaran murya, idonsa har yanzu a gona.

"Garba."

"Na'am, Malam."

"Wanga dogon shi ne ke kada mana mutane duk shekara?"

"Shi ne."

"To ka gaya ma mutumin nan da ke nan, jikokina sun gaji da tsokana a makaranta." Ya sa kan sanda ya zaƙulo zobe ɗaya daga ƙwarya, ya tura shi a ƙasa har gaban gwiwar Bilya. Sannan ya juya masa baya gaba ɗaya, da shi da buzun. "Ni gyaɗata nake dubawa. Ban ga kowa ba, ban ga wandon kowa ba."

Bilya ya ɗauki zobe. "Na gode, Baba. A huta lafiya, Baba." Ya ja da baya a sunkuye taku biyar, sannan ya ɗiba da gudu. Sa takalmi a kan idon suruki ba zai yiwu ba, da ya sha kwana kuma babu lokacin ɗaurin igiya. Haka ya tafi ƙafa ba komai, takalmi ɗaya a kowane hannu. Daga bayansa ya ji wata murya da bai taɓa jin ta ɗaga ba a shekara goma sha biyu.

"Garba! Ce mashi ya ƙara wuta!"

Wayyo, ai sai ya ji kamar an sauya masa huhu. Ƙarangiya ta kama ƙafa, bai ji ba. Tsidau ya soke shi a diddige, ya yi tsalle ɗaya ya wuce. Wasu mata na roron wake suka miƙe suna kallo, ɗaya ta ƙwala, "Ga Bayan-Yero can ya saci takalmi!" Sauran suka rangaɗa guɗa.

Hanyar ta gangara cikin rafi. Ruwan ya ja, sai jiƙaƙƙen yashi da ƴan kududdufai. Takalman sun hana shi kaɗa hannu yadda yake so, sai ya wurga su bayan wani shinge, ɗaya bayan ɗaya. Ya ji na biyun ya bugi wani abu a kan itace, ƙum, amma bai waiwaya ba.

A cikin yashin nan ne abin ya juya. Takalman Yero sun sha ruwa sun ɗauki laka, kowane taku sai ya ciro ƙafa kamar mai tuge rogo. Bilya kuwa a rafin nan ya yi wasan ƙuruciya, yatsunsa sun san inda yashi ke da tauri. Tazara ta fara raguwa. Taku talatin. Taku goma. Ya fara jin numfashin Yero.

"Arɗo, matsa mani hanya!"

Yero ya waiwayo, ido waje. "Har ka gama? Ka tambayi jakin kuwa?"

"Ya ce a gaishe ka, wai ku ɗaya ne a gudu!"

Suka haura gaɓa kafaɗa da kafaɗa, suna dariya suna haki. Ga rufin kwanon Kurfi na walƙiya, ga filin ƙwallo cike da jama'a, an ja igiya tsakanin sanduna biyu. Mahautan gari sun zo da mai kalangunsu, kamar yadda suke yi kowace shekara su koma shiru. Da makaɗin ya hango wanda ke gefen Yero, sai ya matse kalangu a hammata ya saki taken Bilya. Filin ya ruɗe. Bilya bai san lokacin da ƙafafunsa suka bar ƙasa ba. Ya dai ji igiya ta taɓa ƙirjinsa, ya ji Yero ya faɗo masa a baya, su biyun suka zube cikin ciyawa.

Taku ɗaya ne tsakaninsu. Aka ƙirga zobba, huɗu cif.

Mahauta suka ɗaga shi sama suna zagaya fili. Yero ya miƙe yana kakkaɓe riga, ya ɗaga hannun Bilya da kansa. "Jama'a, ku shaida, na karɓi aron sunan. Ku kira ni Bayan-Bilya. Amma aro ne fa, baɗi zan maido masa kayansa."

Batula ta kutso da kwanon fura. Ta zaunar da mijinta a kan benci, ta ɗora ƙafarsa a kan cinyarta tana cire ƙaya da allura, tana dariya har da hawaye, don labarin tsamiya ya riga shi isowa a kan babur.

"Da wannan wandon ka durƙusa wa Baba?"

"Ya ce bai gani ba."

"Ai kuwa Alhaji Garba ya gani, shi ke nan Tamawa ta gani."

Bilya ya kai fura baki ke nan kalangu ya yi shiru. Jama'a suka dare. Wani ƙaton mutum ne da ba wanda ya sani ya shigo fili a kan jaki. Fuskarsa ta kumbura suntum, ido ɗaya ya rufe, leɓe ya yi kamar ƙosai, ƴan ƙudan zuma biyu na biye da hularsa. A hammatarsa akwai fasasshiyar amya. Ya sauko a hankali, ya ɗaga wani jan takalmin gudu sama yadda kowa zai gani.

"Salamu alaikum," ya ce da ƙyar. "Ina mai ƙafar wanga takalmi?"

Duk filin ya juya ya dubi ƙafafun Bilya.