Rediyon Mai Kemis

Saura ƙiris Auta ta fasa rubuta takardar. Sau biyu tana ɗaukar biro tana ajiyewa, don ita firamare kawai ta yi, kuma ko gaisuwa a shagon Kawu sai an kasa kunne ake jin tata.

Shagon ɗaki ɗaya ne: tebur, kwamfuta, fanka mai ƙara, sai tulin wayoyi a bayan ƙofa. Daga dogon ƙarfen da ke kan rufin ake raba wa unguwa intanet, kowane gida da ɗan farin rediyonsa a saman kwano yana fuskantar ƙarfen. Aikin Auta shara ne, sai kuma kowace safiya ta kwafe lambobin rediyoyin daga kwamfuta zuwa littafi: abin da kowanne ya aika, da abin da ya karɓa. Akwai layi na uku, mai nuna kwana nawa rediyo ya yi a kunne. Ba wanda ya ce ta kwafe shi. Tsoron kada a ce ta tsallake wani abu ne ya sa take haɗawa da shi.

Ran nan da hantsi Kawu ya leƙa kwamfutar, ya dafe kai.

"Dogo! Zo ka ga ikon Allah. Mai kemis, giga ɗari takwas da hamsin!"

Dogo, wanda ke hawa ƙarfe yana ɗaura rediyo, ya leƙo da sukundireba a bayan kunne. "Kai! Ko ta intanet take yi wa mutane allura?"

"Maƙwabta take raba wa, shi ya sa kowa ke kuka layi ya yi nauyi. Mai aski da samari ke cika masa shago suna kallon ƙwallo, talatin kacal. Gobe da safe ka je ka kwance mini rediyona."

Auta ta ci gaba da shara. Ta san matar. A wurinta take sayen maganin hawan jinin Inna, kuma ta sha ganinta da yamma ta jingina waya da kwalba tana hira da ɗanta da ke karatu a nesa.

Da Kawu ya fita, ta buɗe littafin ta bi shafukan baya da yatsa. Lambar mai aski takan hau kwana biyu, kwana uku, sai ta faɗo ƙasa ta soma daga farko, kamar an juye bokiti. Haka ta tela, haka ta kowa, kuma duk a ranakun da aka ɗauke wuta. Ta mai kemis kaɗai ce ba ta taɓa faɗowa ba. Layi na uku ya ce kwana ɗari biyu da sha huɗu. Sai ta tuna: a batirin firijin magani Dogo ya jona rediyon. Ta cire lambar gigan jiya daga ta yau, ta sami giga huɗu. Ta yi wa mai aski haka, ta sami goma. Ta maimaita sau uku, kada ta ji kunya.

Layi biyar ta rubuta, ta ajiye a kan kujerar Kawu, ta koma kusa da ƙofa tana naɗe wayar da take a naɗe.

Da Kawu ya dawo ya karanta, ya ɗaga tabarau. "Wa ya koya miki wannan?"

"Ba kowa, Kawu. A littafi yake."

"Ɗaga murya mana, ba zance kike da sauro ba."

"Nata bai taɓa mutuwa ba ne. Lambar wata bakwai ce. Ta mai aski kuwa ta kwana uku."

Dogo ya ce gwadawa ba wuya. Ya zare wayar rediyon shagon, ya mayar. Su uku suka zuba wa kwamfuta ido har fitilu suka dawo. Lambar ta koma sifili.

"Shekara huɗu ina hawa ƙarfe," in ji Dogo, "ashe mai tsintsiya ce injiniyar."

Kawu bai yi dariya ba. Ya jima yana shafa gemu, sannan ya ce a bar rediyon inda yake, nauyin layi kuma Dogo ya hau ya duba. Ya yi gyaran murya.

"Matsalar, na riga na kira ta. Na faɗa mata maganar da ba ta dace ba. In na je yanzu ba za ta saurare ni ba. Ke za ki fara zuwa ki yi mata bayani, ni na biyo baya."

"Ni, Kawu?"

"To ni na gane lissafin?"

Washegari da safe Auta ta tsaya a ƙofar kemis har mutum uku suka shiga suka fita. Da ta ga ba kowa, ta yi sallama ta shiga. Matar ta dube ta fuska ba walwala.

"Kun zo kwancewa?"

"A'a, Anti. Ba za a kwance ba. Kuskure ne, daga wajenmu."

Matar ta jawo mata kujera da ƙafa. Auta ta zauna, ta soma bayani tun daga batirin firij.