Dangwalin Hamma a Kan Dandamali

Duk wanda ya miƙa wa Babarbare igiya ya ce ya ja Fulani, ai dariya ya nema. Malama Dinatu ba ta san haka ba, don ba ta daɗe da zuwa Roni koyar da tarihi a sakandare ba. Ta tsara wasan kwaikwayo kan cinikin bayin da aka yi ta tekun Atlantika, ta sa Musaddiƙ, ɗan Barebari, ya zama dillalin bayi, bayin kuma yawanci 'ya'yan Fulani ne. Tun kaka da kakanni waɗannan abokan wasa ne, kowa na cewa ɗayan bawansa ne. Da zarar Musaddiƙ ya ce, "Ku taso, bayina!" sai aji ya kece da dariya, har waɗanda aka ɗaure da sarƙar kwali su zube ƙasa suna riƙe ciki.

Khairiyya kaɗai abin ke damu. Ita ce uwar da za a raba da ɗanta a bakin jirgi, kuma tana son wasan nan kamar ranta. Da ƙyar da roƙo mahaifinta, Hamma, ya bar ta ta shiga ƙungiyar wasan kwaikwayon, ya ce zai zo ranar iyaye ya gani da idonsa.

"In shiririta ce, daga ranar kin gama da shi."

Hamma kuwa ba ya magana biyu.

Da safen ranar tana taya tatsa, sai idonta ya tsaya kan maruƙan da ke jere a dangwali, doguwar igiyar nan mai zarge-zarge da ake ɗaure su a jiki. Wata saniya na ta kuka tana waiwayen ɗanta. Khairiyya ta naɗe tsohon dangwalin da ke rataye a jikin marke, ta cusa a jaka, ta kai wa Malama ta ce a bar kwalin nan.

Fili ya cika. Abin da take tsoro kuma shi ya faru. Musaddiƙ na cewa "bayina", mahaifinsa Malam Modu mai shago ya miƙe daga baya ya ɗaga murya: "Ja su, ɗana, gadonmu ne!" Wuri ya ruɗe da shewa. Khairiyya ta hango Hamma ya ɗaure fuska yana lalubar sandarsa.

Sai Musaddiƙ ya warware dangwalin, ya fara zura wuyan yaran ɗaya bayan ɗaya. Daga ɓangaren makiyaya dariyar ta fara mutuwa. Babu wanda bai san igiyar nan ba a cikinsu, babu kuma wanda ya taɓa ganin ɗan mutum a jikinta. Na ƙarshen jerin shi ne Halliru, ƙanen Khairiyya, wanda ke fitowa a ɗanta. Da aka ja shi zuwa bencinan da aka haɗa a matsayin jirgi, kalaman da ta haddace suka gudu daga kanta tas. Sunansa kawai ta kira, ta sake kira, muryarta na fashewa, shi kuma yana waiwaye.

Hamma ya miƙe. Ta ɗauka tafiya zai yi, sai ta ga ya nufo dandamali ya hau.

"Kai yaro, ya isa haka," ya ce wa Musaddiƙ. "Ko maraƙi, in an gama tatsa ana sake shi ya koma wurin uwarsa."

Malama Dinatu ta matso, ta ɗan rusuna. "Baba, waɗancan bayin na gaske ba a sake su ba. Yawancinsu har suka mutu ba su ƙara ganin iyayensu ba."

Hamma ya juya wurin yaran. Daga nan ya ajiye sanda, ya tsuguna ya fara kwancewa. Da Paul ɗan makaniki ya fara, ya bi jerin har ya zo kan Halliru, ya tura shi wurin 'yar'uwarsa. Wasan ba haka aka tsara shi ba, amma Malama gefen gyalenta kawai ta sa tana share ido.

A bakin ƙofa suka yi kiciɓis da Malam Modu. Ya buɗe baki zai yi tsiyar da ya saba, kalmar ta maƙale. Can dai ya ce, "Hamma, yau na 'yanta ka."

"Ni dai na 'yanta ka," in ji Hamma, suka tafa.

A hanyar gida Khairiyya na biye da shi, ta kasa tambaya. Sai da suka wuce duwatsun bayan gari ya gyara dangwalin a kafaɗa, ya yi magana ba tare da ya juyo ba.

"Wannan ya tsufa, yana kartar wuya. In za ku sake yi, ki faɗa mini da wuri in tufka muku mai laushi. Amma ki gaya wa malamarku, ni zan riƙa kwancewa."