Ƙwallon Nurit

Shekara goma sha tara ina zuwa Arfa, amma kullum da ludayi a hannu, ina juya wa alhazai shinkafa a bayan tanti. Bana ne Allah Ya nufa takardar izinina ta fito, zan yi tsayuwar da kaina. Tun da ta fito ban zauna ba. Malamai sun ce haƙƙin wani ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe, don haka na bi lungunan unguwarmu ta Utaibiyya a nan Makka gida-gida ina neman yafiya. Na roƙi maƙwabciyata Raliya, wadda muka shekara biyu ba ma gaisawa a kan igiyar shanya. Ta daɗe tana kallon ƙasa kafin ta ce ta yafe, har na fita ina cewa a raina, wannan mata da baƙin rai take. Mijina Malam Luƙman kuwa ya yafe tun kafin in rufe baki, ko laifin bai tambaya ba.

Saura mutum ɗaya. Kwana uku ina kewaya ɗaki, in ɗaure jaka in kwance, in ɗora shayi in manta da shi. 'Yata Suhaila, wadda ke aikin jinya, ta dawo da la'asar ta tarar da butar ta ƙone.

"Ummi, esh fi? Me ke damunki?"

Na zaunar da ita na gaya mata abin da ko ubanta bai sani ba. Ta san dai na buga wasan tenis ina yarinya, don babana ne mai share filin wani kulob a Kano, a can na koya da tsohon raket ɗin da wani Bature ya yar. Abin da ba ta sani ba shi ne gasar matasa da aka kai mu Kenya ina da shekara goma sha shida. A wasannin farko babu alƙali. Kowace 'yar wasa ita ke faɗin ko ƙwallo ta fita a ɓangarenta, kuma maganarta ita ce hukunci. Aka haɗa ni da wata siririyar yarinya 'yar Isra'ila mai suna Nurit. Muka yi awa biyu da rabi a rana. Da ya rage maki ɗaya in cinye wasan, ta kaɗo ƙwallo can kusurwa, ta faɗa cikin layi da kusan faɗin yatsa biyu. Da idona na gani. Na ɗaga yatsa na ce ta fita.

Nurit ta tsaya ta dube ni, sannan ta zo bakin raga ta miƙo min hannu.

Washegari wata ta doke ni na fita daga gasar, bayan shekara biyu na ajiye raket, na yi aure, na biyo Malam Makka da ya zo karatu. Ita kuwa ta zama ƙwararriya. Da waya ta shigo hannuna, sunanta na fara nema. Na ga ta buga wasa a Turai shekara goma sha ɗaya, ta ci wasu ƙananan kofuna, ta buga wa ƙasarta, ta taɓa shiga cikin ɗari biyu na duniya, sai gwiwa ta tsayar da ita. Yanzu yara take koya wa. Duk hoton da na gani nata, wannan kallon ne a idonta.

Suhaila ta haɗe rai. "Yanzu Bayahudiya za ki roƙa, Ummi? Da duk abin da muke gani a labarai?"

"Na ga labaran, ni ma na yi kuka. Amma ƙwallon ciki ta faɗa."

"Halas, shi ke nan, ki yi istigfari mana. Shekara talatin fa. Wallahi ta manta."

"Idan ta manta, ta faɗa da bakinta."

Ta yi tsaki, amma ta ɗauki wayar ta nemo min shafin makarantar da Nurit ke koyarwa. Na rubuta saƙon da ragowar Turancina na sakandare, na goge, na sake, har sau shida. Na aika.

Kwana biyu shiru. Ina cin abinci wayar na gefen kwano, ina sallame salla in waiwaya in duba. Safiyar tafiya Mina na yi wanka, na ɗauki harami a gida, Suhaila ta raka ni tashar Kudai. Zafi, hayaƙin motoci, kowa na kiran sunan wani. Zuciyata ba ta wurin talbiyyar da ake yi. Ina ta tunanin zan tsaya gaban Ubangiji da ƙwallon mutane a wuyana.

Ina sa ƙafa a matakalar bas wayar ta yi ƙara. Na dawo da baya na miƙa wa Suhaila, don Turancinta ya fi nawa. Ta karanta, tana juya min da Hausa.

"Ta ce, 'Rabi'a, na tuna ki. Na ga ƙwallon, ciki ta faɗa, kuma na yi kuka a bayan gida ranar. Na yafe miki da zuciya ɗaya. Amma tunda kin buɗe maganar, a zagaye na biyu na wasan ni ma na yi miki haka sau biyu. Ki yafe min.'"

Sau biyu. Nan take na gan su, ɗaya a layin baya, ɗaya a gefen hagu. Tun a filin jikina ya ba ni, na ce wa kaina ai wannan salihar yarinya ba za ta yi ƙarya ba. Ashe da ba ta cuce ni ba, da tun a zagaye na biyu na gama da ita, da ban kai ga ƙaryar da ta hana ni sukuni shekara talatin ba. Wani baƙin ciki ya taso min. Na buɗe baki zan faɗi abin da ya dace da ita.

"Ummi, kina cikin harami," in ji Suhaila, tana danne dariya. "Babu zagi, babu jayayya."

Na haɗiye. Direba yana ta danna oda. Na karɓi wayar na shiga na zauna a gefen taga, na ɗora yatsa a kan haruffan, yatsan ya ƙi motsi. Kalma biyu ce kawai, "na yafe", ga su a bakina, amma ina jin nauyinsu fiye da tukunyar shinkafar Arfa. A lokacin ne Raliya ta faɗo min a rai, da yadda ta daɗe tana kallon ƙasa, ni kuma ina tsaye a kanta ina ganin ta cika jan rai.

Sai da muka fara hango tantunan Mina sannan na iya rubuta mata.