Abin da Merv Rohde Ya Roƙa

Muna cikin juya gadon Merv Rohde don ya fuskanci taga, ni da 'yarsa Narelle, sai motar Des Pask ta tsaya a bakin shinge. Ya fito da kwalaben giya a leda, ya cire hularsa tun daga tsakar gida yana korar ƙudaje da ita.

"Har yanzu ba ka tafi ba, tsohon banza?" in ji shi daga bakin ƙofa.

"Jira nake in ga ranar da za ka kama kifi ko da guda ɗaya," Merv ya amsa, robar iskar numfashi tana motsi a hancinsa.

Ni maƙwabciyarsu ce, shingen kwano ne kawai tsakaninmu, don haka na san labarin kamar yadda kowa a garin ya san shi. Merv da Des sun yi aikin sojan sama tare suna samari, a wani sansani can cikin hamadar arewa, suna gadin na'urar hangen jirage. Merv ya ce wata rana wasu abubuwa biyu sun bayyana a fuskar na'urar, suna gudun da babu jirgin da ke yin irinsa, su tsaya cak, su sake zabura. Washegari wasu mutane marasa kaki suka zo suka kwashe faifan da na'urar ta naɗa, suka rantsar da kowa cewa bai ga komai ba.

Merv ya riƙe bakinsa har Narelle ta shiga sakandare, sannan ya je ya faɗa a talabijin. Ma'aikatar tsaro ba ta tsaya musun abin da ya gani ba. Cewa ta yi babu wata shaida da ke nuna ya taɓa aiki a wannan sansanin. Daga nan garin ya samu abin dariya. Yara suka riƙa wurgo farantan takarda cikin gidansu, wai su ne jiragen halittun sama da ya gani, a makaranta kuma suna kiran Narelle 'yar duniyar Mars. Tana gama karatu ta koma birnin Adelaide, sai Kirsimeti ake ganinta. Des dai bai taɓa fitowa ya ba shi shaida ba. Ya zama shugaban kulob ɗin tsofaffin sojoji, ya ci gaba da zuwa kamun kifi da Merv.

Narelle ta miƙe za ta haɗa shayi, Merv ya ce ta zauna. Numfashinsa na da nauyi, don haka bai yi kwana-kwana ba.

"Des, ban ce ka yi maganar abin ba. Bar abin. Ka gaya wa yarinyar nan ina wurin, shi ke nan. Kai a kujerar hagu, ni a ta dama."

Des ya zuba wa talabijin ido, inda ake wasan kurket babu sauti. Ya ce rantsuwa ba ta tsufa. Merv ya ce waɗanda suka rantsar da su duk sun riga su kabari. Sai Des ya sauya hanya: ƙwaƙwalwa ta tsufa, samari da yawa sun bi ta wurin, ba zai iya rantsewa kan wa ya zauna a ina ba.

"Ka san yadda abin yake, mutumina," ya ce.

"Baba, ya isa haka," in ji Narelle, tana gyara masa matashi. "Na yarda da kai. Kwanta ka huta."

Da irin muryar da nas take lallashinsa ya sha magani ta faɗa. Merv ya ji, ni ma na ji. Ya juya fuskarsa ga taga. Des ya shanye kwalba ɗaya, ya yaba yadda tumatirin Merv ya yi kyau bana, ya tafi.

Merv ya rasu cikin makon, da hantsi, motar kwasar shara tana ƙara a layinmu. Ina ba tumatirin ruwa Narelle ta leƙo ta ce in kashe famfo in shigo.

A zauren kulob aka yi taron bayan jana'iza, kowace mace ta kawo farantin abinci. Gwamnati ta ba da tutar da aka rufe akwatin gawar da ita. Ba ta taɓa musun cewa shi soja ne ba, wurin zamansa kawai ta goge. Tun a wurin jana'izar Des ya jera lambobin yabonsa a ƙirji, ya ɗora jan fure a kan akwatin, ya ce Merv mutum ne da labari ba ya ƙare masa. Aka yi dariya a hankali, irin ta wurin makoki.

Ina wanke kofuna a kicin ɗin kulob sai Des ya shigo da yankan kek mai kwakwa a hannu. Ya jingina da firji, ya duba bayansa.

"Uku ne, Glenys," ya ce. "Kullum abubuwa biyu Merv yake cewa. Na ukun ya ɓullo ne bayan ya tashi kiran ofisa. Ni kaɗai na gan shi."

Idonsa har ƙyalli yake. Na gane cewa ba nauyi yake saukewa ba. Ya daɗe yana son wani ya san ya fi Merv gani.

Na nuna masa Narelle ta ƙofar, tana tattara kujeru. Na ce ga ta can, ya je ya maimaita.

"Me zai amfane ta yanzu?" Ya karkaɗe kwakwa daga kan lambobinsa. "Ke ma ban ce miki komai ba."

Ya naɗe wani yankan kek ɗin a takarda ya sa a aljihu.

Da la'asar na tarar da Narelle a bayan gidan mahaifinta, na gaya mata duka, yadda ya faɗa. Ta saurara har na gama, sannan ta dafa hannuna.

"Kin kyauta, Anti Glenys. Kullum kina bayansa. Amma ba sai kin yi wannan ba."

Na ce ta kira Des ta tambaye shi. Ta ce ai ta ji amsarsa da kunnenta, a gaban mutumin da ke mutuwa.

Rigunan Merv suna kan mashanyar ƙarfe mai juyawa tun wankin ƙarshe, rana ta busar da su sun yi tauri, jar ƙura ta kwanta a kafaɗunsu. Ta sauke su ɗaya bayan ɗaya tana ninkewa a kan hannunta, ta shige ciki. Mashanyar ta ci gaba da juyawa a hankali, babu komai a kanta sai 'yan maƙalai.