Jana'izar da ta Jira Kwana Tara

Wata biyar na yi ina tuƙa Baba Eyvindur a Doha, ban taɓa jin wani ya kira wayarsa ba sai ranar nan. Kullum shi ke kira, kullum kuma sakatarorin manya ke ce masa maigida yana taro. Mutumin ƙasar Iceland ne, dogo, ya ba saba'in baya. Sunansa ya fi ƙarfin harshena, sai na koma ce masa Baba Furodusa, shi ma ya gutsure nawa daga Zulkiflu zuwa Zul, aka yi kunnen doki.

Tarihinsa a cunkoson motoci na ji shi, guntu-guntu. Da daskararren kifi ya fara, a kamfanin mahaifinsa. Daga nan ya buɗe shagunan hayar bidiyo, sai ya tsunduma shirya fim, har ya fitar da ashirin da uku, ya mallaki gidajen silima da kamfanin talla. Shekarar da bankunan ƙasarsu suka durƙushe, komai ya bi ruwa, matarsa ma ta kama gabanta. Ya zo Doha neman wanda zai haɗa hannu da shi a yi fim ɗaya na ƙarshe. Da farko a otal ɗin bakin teku ya sauka, daga baya muka kwaso jakunkunansa zuwa wani ƙarami a Al Asmakh, ya ce wai ya fi son tsohuwar unguwa. Ni dai na san ciwon talaka ko a jikin Bature.

Ranar muna kasuwar kayan lambu ta Abu Hamour. Yakan sa in kai shi ya sayi mangwaro biyu, ni dai na san ba mangwaron ke kai shi ba, so yake wani ya yi masa magana ko da ta ciniki ce. Wayar ta yi ƙara, ya amsa da yarensu, ya dawo mota ba mangwaro.

"Torfi ya mutu," in ji shi.

Torfi darakta ne, tare suka yi firamare, fim goma sha huɗu suka yi tare. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce Baba Furodusa ya shiga ɗakin tace fim ba da sanin Torfi ba, ya datse minti ashirin daga aikinsa don masu saye na ƙasashen waje sun ce ya yi tsawo. Fim ɗin ya sayu. Torfi bai ƙara yin wani ba, bai kuma ƙara yi masa magana ba.

Na ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Baba. Yanzu ai har sun dawo daga maƙabarta."

Ya dube ni. "Sai nan da kwana tara."

Na ɗauka Turancina ne ya gaza, na sa ya maimaita. Haka suke yi, gawa ta jira a kammala shiri. Na ce to sai mu nemi tikiti. Ya girgiza kai. Babban mutumin da ya yi wata biyar yana nema ya ba shi lokaci, kuma ranar jana'izar ce. Ban da haka, ba iyalin mamacin suka kira shi ba, wani ɗan jarida ne mai neman abin rubutawa.

Abin ya tsaya mini a rai. A ce mutum ya yi rashi, ba wanda zai zauna kusa da shi ko na minti goma? Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na ɗauko abokan ɗakina daga Mu'aither, Tanko mai gadi da Gafaru mutumin Kumasi da ke gyaran na'urar sanyaya ɗaki, na ce su zo mu yi wa tsoho ta'aziyya.

Muka same shi a falon otal shi kaɗai, da kofin gahawa da ya huce. Kowa ya ba shi hannu, ya ce Allah ya ba da haƙuri, na fassara, muka zauna muka yi shiru. Ya yi ta kallonmu yana jiran mu faɗi abin da ya kawo mu, sai da na gaya masa zaman shi ne abin.

Tanko, wanda bakinsa ba ya da linzami, ya ce in tambaye shi ko ɗan'uwansa ne.

"A'a."

"Abokinsa ne ke nan?"

Baba Furodusa ya daɗe yana juya kofin. "A da," in ji shi. Sannan ya ce jiya ya yi ta maza ya kira matar Torfi. Ba ta zage shi ba. Ta ce coci ba ta da mai gadi, amma ya sani Torfi ya rubuta da hannunsa sunayen mutum shida da za su ɗauki akwatinsa, kuma babu nasa.

Gafaru ya riƙe baki. "Makara ma sai da jerin suna? A Zongonmu na Kumasi ko wucewa kake ka ga gawa, sa kafaɗa za ka yi."

"Shekara arba'in ni ke rubuta jerin sunaye a ƙarshen fim," in ji tsohon, "ni ke sa wa, ni ke cire wa. Yau an cire ni. Me zan je yi?"

Nan zuciya ta ɗebe ni, na manta shi ke biyana. Na ce masa mahaifina ya rasu a Gusau shekara uku da suka wuce, bayan sallar asuba. Ina bakin aiki, waya tana kulle a akwatin ma'aikata. Da na kunna ta da azahar har an share wurin wanka. Ban ga fuskarsa ba, ban taɓa makararsa ba, har yau hoton tudun ƙasa kawai nake da shi.

"Kai gawa ta zauna tana jiranka kwana tara, kana nan kana gadin ƙofar wani sakatare! Wallahi da ni aka ba kwana ɗaya, da ƙafa zan kama hanya."

Tanko ya taka mini ƙafa. Tsohon ya tashi ya haye sama. Na ce a raina shi ke nan, na kori kaina daga aiki.

Ranar Litinin ya kira ni, ya ce in kai shi filin jirgi. A hanya ya buga wa sakataren ya nemi a ɗaga ganawar, na ji sakataren yana cewa khalas, babu wani lokacin. Ya kashe wayar ya ce, "Yalla, Zul, mu tafi."

Ranar jana'izar da la'asar ina fake a gindin wani bene ina jiran fasinja, sai ga kiransa. Iska na ta kaɗawa a wayar.

"Na je," in ji shi. "Da aka fito da shi na matsa na sa hannu a akwatin, yadda abokinka ya ce. Ɗan Torfi ya ɗauke hannuna a hankali, a gaban kowa."

"Sai ka yi yaya?"

"Sai na bi su a baya har bakin kabarin. Yanzu duk sun tafi shan gahawa. Ni kaɗai ne a nan, ina gaya masa abin da ya kamata in gaya masa tuntuni."

Na ce Allah ya ba shi haƙuri, muka yi sallama. Na kashe motar, na kifa kaina a kan sitiyari. An kunyata tsohon nan a gaban garinsu, fim ɗinsa na ƙarshe ya tafi, ba shi da kowa, amma yana tsaye a kan kabarin nasa mamacin, kuma Allah ya sani hassada nake yi masa.